Yaron Gida Ne Ko Ɗan Ƙwadago?

Ranar Juma'ar makon jiya, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya biyo ni gida da takarda a ninke cikin aljihu. Ta ɗaukar aiki ce. Shekararsa bakwai yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a kan naira dubu 45, ga shi wata makarantar ta yi masa tayin dubu 110. Na ɗauka albishir ya kawo mini, ashe ƙara ce. Mahaifinsa ya ce in ya bar inda yake ya zama butulu, ya ci moriyar ganga ya yar da kwaurenta.

"Kawu, shi ma mai makarantar haka ya taɓa ce mana. Wai mu nan gida ɗaya ne, shi uba ne a wurinmu."

Na ce, "To ɗana, da ka yi aure me uban naka ya yi maka?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Ya ba ni hutun kwana uku."

Ban ga laifin mahaifin yaron ba, domin ɗan kasuwa ne, kuma da ma'aunin kasuwa yake awo. A Kantin Kwari ya tashi, a gaban maigida. Shi ne buɗe shago da sassafe, shi ne shara, shi ne ninke atamfa da shadda, shi ne rakiyar kaya zuwa tasha. Babu albashi a rubuce, sai kuɗin abinci da ɗinkin sallah. Amma kowa a layin ya san inda tafiyar za ta ƙare. Maigida zai yi wa yaronsa aure, ya ba shi ɗaki, mai hali ma ya biya masa kujerar Makka, sannan ranar sallama ya ɗora masa jari, ko ya tsaya masa a wurin dila a riƙa ba shi kaya bashi. Maigidan da ya riƙe yaro shekara goma sha biyar bai sallame shi ba, kasuwa ce za ta yi da shi, har iyaye su daina kawo masa 'ya'yansu. A kan wannan yarda fataucin goro da na shanu ya tsaya tun daga Kano har Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi. Amanar nan baki biyu gare ta, kuma na maigida ya fi nauyi.

Da aikin albashi ya zo, ya zo da nasa alƙawarin. Ka yi wa gwamnati shekara 35, ko ka cika 60 da haihuwa, ka karɓi garatuti ka koma gida kana cin fansho. Manyan kamfanoni ma haka. Wanda ya tsallake a tsakiyar hanya shi ke asara, shi ya sa iyayenmu suke kallon mai sauya aiki kamar marar natsuwa. Sai dai a je Kakuri a Kaduna a tambayi yadda alƙawarin ya ƙare. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, mutanen da suka tsufa a gaban injin suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa har suka koma ga Allah ba su gan shi ba. A 2005 aka dunƙule bankuna 89 suka koma 25, kuma babu wanda ya tsaya ƙirga shekarun biyayyar kowa kafin a miƙa masa takardar sallama. Yau kuwa da yawa daga matasan da ke ƙirga mana kuɗi a kan kanta ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfani ne ya ɗauke su ya ba da hayarsu.

Ita kanta doka ta kwance igiyar. Tun gyaran fansho na 2004 asusun ajiyar ma'aikaci da sunansa yake, inda ya tafi nan zai bi shi. Gyaran 2014 ya ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Na tambayi ɗan nawa ko ana zuba masa, sai ya yi dariya.

Abin da ke ba ni haushi ke nan da masu wuraren aiki na wannan zamani. Idan ana maganar aiki, kai yaron gida ne: ka zo ranar Asabar, ka tsaya darasin yamma, ka riƙe ajin wanda ya tafi ba tare da ƙarin ko sisi ba. Idan aka zo maganar biya, nan take ka koma ɗan ƙwadago, abin da aka yi ciniki shi ke nan. Suna son biyayyar Kwari, ba sa son sallamar Kwari.

Ga kuma lissafin da malamin lissafi bai kamata ya kasa ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 30 a 2019. Aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024. A shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70, kuma a watan Disamba hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Duk wanda albashinsa bai motsa ba a tsakanin nan, rage masa aka yi, takarda ce kawai ba a rubuta masa ba. Mafi ciwo shi ne a ɗauki sabon ma'aikaci a kan kuɗin da ya fi naka, saboda haka kasuwa ta kama, sannan a ce kai tsohon hannu ka koya masa aiki.

Duk da haka ban ce masa ya tattara ya tafi a ranar ba. Na ga waɗanda suka saki reshe suka kama ganye. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da dama a Maiduguri sun wayi gari ba aiki, ga hayar gida da kuɗin makarantar yara duk an ɗora su a kan albashin da ya tafi. Don haka na sa shi ya je ya binciko: sabuwar makarantar tana biya ƙarshen wata ko sai an yi ta sintiri? Tana biya lokacin dogon hutu? Nawa adaidaita sahu zai ci masa kullum? Malamai nawa suka bar ta bara, kuma me ya kore su? Tsohon malaminsu zai faɗa maka abin da takardar ɗauka ba za ta faɗa ba.

Inda na tsaya masa kai da fata shi ne yadda zai fita. Akwai malaman da ke jiran saƙon albashi ya shigo waya, su kashe layi, ranar Litinin 'yan aji shida su zauna suna kallon allo ana saura makonni a fara WAEC. Wannan cin amana ne tsagwaronsa, kuma ba mai makaranta aka cuta ba, yaran mutane aka cuta. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aikin shekara takwas aka yi yarjejeniya da shi a Madyana, in ya cika goma ganin damarsa ne. Ya cika wa'adi, ya ɗauki iyalinsa ya kama hanya. Wannan misalin na kai wa mahaifin yaron da na je gidansa da daddare, ya saurara yana jan carbi, bai ce e ba bai ce a'a ba. Muka dai tsayar cewa yaro zai ba da sanarwar wata guda, ya ƙarasa zangon karatu, ya miƙa makin ɗalibai da littattafan darasi hannu da hannu, ya bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama.

Ranar Talata ya kai takardar ajiye aiki. Kafin a tashi mai makarantar ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya ce daga wannan watan an mayar da albashinsa dubu 80, ya yaga takardar kawai. Da yamma yaron ya kai wa mahaifinsa labari ina zaune. Dattijon ya ajiye carbi, ya dube ni, ya dubi ɗansa.

"Ashe da ma akwai kuɗin?"