Fanken gashi: karin kumallo ba tare da tsayuwa bakin mai ba

Yau fanke za mu yi, amma ba na suya ba. Wannan gasa shi ake yi, guda ɗaya babba, a yanka wa kowa. A Amurka suna ce masa Dutch baby. Babu yis, babu jiran kwaɓi ya tashi, kuma galan ɗin manki yana nan yadda kika ajiye shi, wanda a tsadar yanzu ba ƙaramin abu ba ne.

Ki tanadi ƙwai 3, fulawa gwangwanin madara 1, madarar ruwa gwangwani 1, sukari cokali 1, ɗan gishiri, da bota cokali 2. Ki kaɗa komai ban da botar har ya yi ruwa-ruwa kamar kunu, babu gudaji.

Sirrin duk yana wurin zafi. Tururin da ke fita daga ƙwai da madara shi ke kumbura shi, don haka sai kasko ya yi zafi sosai kafin kwaɓin ya taɓa shi. Ki kunna obin a kan 220, ki sa kaskon ƙarfe a ciki minti 10 (kada ki sa mai hannun roba, zai narke). Ki fito da shi, ki jefa bota, tana narkewa ki juye kwaɓin ki mayar. Minti 15 zuwa 18 ya isa. Kada ki buɗe don leƙawa, da iska ta shiga zai kwanta. Wannan tazarar ta ishe ki shirya yara makaranta.

Wadda ba ta da obin, ko wuta ta ƙi zuwa, ta yi dabarar da muke gasa kek: babbar tukunya da yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ba zai tashi kamar na obin ba, amma zai ciyu.

Sai 'ya'yan itace. Ba sai kin nemi sitiroberin Jos ba. Ayaba, gwanda da abarba suna nan a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru, mangwaro kuwa idan lokacinsa ya zo ya fi su duka. Kankana dai a bar ta gefe, ruwanta jiƙa fanken yake yi. Ki yayyanka su tun yana cikin wuta, ki zuba a ramin tsakiya, ki ɗiga zuma.

Da kin sauke zai ɗan sace, haka yake, ba lalacewa ya yi ba. A ci da zafinsa. Idan gidan ya haura mutum huɗu, ki ninka kwaɓin ki raba kasko biyu, don idan ya yi kauri a kasko ɗaya tsakiyar ba ta gasuwa.