Kirsimeti Ba Tare Da Bashi Ba



Kowace shekara, da zarar Janairu ya kama, dattawa sukan zauna sulhu tsakanin 'yan ikkilisiya da masu binsu bashi. In an bincika, sai a tarar kuɗin ya ƙare kan fitilun ado, furannin roba da kyautar kanti, alhali kuɗin makarantar yara yana jira. Wannan bai dace da mu ba.

Luka 2:7 ya nuna mana a komin dabbobi aka kwantar da Mai Ceto. A Ayyukan Manzanni sura 9 kuwa, da Dokas ta rasu, rigunan da ta ɗinka ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka.

Saboda haka muna roƙon kowace ikkilisiya ta yi adonta da hannu bana. An gama girbi, karan dawa yana nan birjik. Yaran makarantar Lahadi su haɗa taurari da shi. Zumuntar Mata ta yi faifai da mafici, ta kuma tara ƙyallayen tela a ɗinka wa marayu jakar makaranta. Amma a kula, hunturu ne, kada a kunna kyandir kusa da kara.

Maƙwabtanmu Musulmi da ke aiko mana naman Sallah, mu rufe abincin da za mu kai musu da sabon faifai, su riƙe shi kyauta.

Dattawa, ku fara da gidajenku. Ubangiji ya taimake mu, amin.