Shekara Dubu da Aka Share daga Allo

Daga Galma Kudawace zuwa Madawa, daga Buza zuwa Keita, ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na lise yakan gamu da darasin falsafa, kuma a hannun malamai da yawa darasin ƙafa ɗaya yake bi: a fara da Sokrat da Aflatun da Aristo, sai a yi wani dogon tsalle a dira gaban Dekart a ƙarni na 17. Kusan shekara dubu daga cikin abin da ke tsakani akan share su da kalma ɗaya: zamanin duhu. A can zaure kuma akwai masu cewa tunanin malaman Kirista na wancan zamani kayan Nasara ne, babu ruwan ɗan Musulmi da shi. Ɓangarorin nan biyu ba sa ga maciji da juna, amma a kan wannan batu bakinsu ya zo ɗaya, kuma dukansu sun yi kuskure.

Hujjar tana nan cikin gafakar almajiri. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya san Ahalari, ɗan littafin tsarki da salla. Mai wannan littafi, Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya ta yau a ƙarni na 16, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙar ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, wadda manyan ɗalibai suke haddacewa. Sullam ya ɗebo ne daga Isaguji na al-Abhari, malamin ƙarni na 13, shi kuwa wannan suna na Isaguji ba Larabci ba ne: sunan wata gabatarwa ce ga manɗiƙin Aristo da Forfiriyus ya rubuta da Girkanci a ƙarni na 3. Wannan gabatarwa ita ce Bowetiyus, malamin Kirista na Rum, ya mayar da ita Latin a farkon ƙarni na 6, ta zama littafin farko na duk mai fara koyon manɗiƙi a makarantun coci a Turai. Daga cikinta aka ɗauko muhawarar da ta shagaltar da Abelar (1079–1142) da abokan jayayyarsa: shin jinsi da nau'i abubuwa ne masu wanzuwa da kansu, ko kuwa sunaye ne kawai da hankali yake raɗawa? Jinsi da nau'i kalmomi ne da Bahaushe yake furtawa kullum a kasuwa. Ashe ɗalibin Paris da almajirin Gobir daga rijiya ɗaya suka sha, guga ne kawai ya bambanta.

Ita ma hanyar da ruwan ya biyo ba ta kasu gida biyu ba. A Bagadaza, Kiristoci irin su Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, da Abu Bishir Matta suna cikin manyan waɗanda suka fassara littattafan Girkawa, kuma al-Farabi a wurin malamin Kirista ya koyi manɗiƙi. Bayan ƙarni uku sai akalar ta juya: a Toledo ta Andalus aka mayar da Ibn Sina da al-Gazali zuwa Latin, daga baya aka biyo da sharhohin Ibn Rushdi. Toma Akwina (1225–1274), wanda ake ɗauka jigon malaman Kirista na zamanin, ya cika littattafansa da ambaton Ibn Sina, kuma yakan kira Ibn Rushdi da laƙabin Mai Sharhi kawai, ba tare da suna ba, don kowa ya san wanda ake nufi. Wanda ya cire malaman Musulmi daga cikin Toma ya bar shi da rabin jiki. Wanda kuma ya ƙi karanta Toma ya hana kansa ganin inda tunanin Ibn Sina ya kai.

Ba a cewa zumunci ne zalla. Fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Latin, wadda aka kammala a 1143 bisa umarnin shugaban zawiyar Kuluni, an yi ta ne domin a yi raddi. Toma da kansa ya rubuta littafi a 1270 yana sukar mabiya Ibn Rushdi, kuma a 1277 bishop na Paris ya haramta koyar da maganganu 219, da yawansu daga wannan tushe. Amma darasin yana nan: mutanen nan sai sun karanta kafin su musanta. Haka al-Gazali ya yi, ya fara bayyana manufofin masana falsafa dalla-dalla kafin ya rushe su, har Turawan da suka sami littafin bayanin kaɗai suka daɗe suna zaton shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Su kuwa masu cewa manɗiƙi baƙo ne, su tuna cewa al-Magili, wanda ya ratsa Ayar ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi jayayya da as-Suyuɗi a kan wannan ilimi, kuma shi ne ya tsaya a kan halaccinsa.

Haka abin yake ga nazarin Littafi Mai Tsarki. Orijen na Iskandariyya, a ƙarni na 3, ya jera nassin Ibrananci da fassarorinsa na Girkanci layi shida kafaɗa da kafaɗa domin a gane inda suka saɓa. Agustin, wanda aka haifa a 354 a garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, ya gargaɗi Kiristoci da kada su jingina wa nassi maganar da ilimi tabbatacce ya ƙaryata. Rabon surori da Kiristan Galmi ko na Madawa yake gani a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, aikin ƙarni na 13 ne da ake danganta wa Istifan Langton. Tambayoyin da waɗannan malamai suka sha fama da su, na ma'ana ta zahiri da ta tawili, da yadda ake daidaita nassoshi biyu masu kama da saɓani, duk mai karatun tafsiri zai gane su nan take.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma Nijar ta ga irin wannan dare a Janairun 2015, sa'ad da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Ba a cewa darasin manɗiƙi shi kaɗai zai kashe wuta, amma yaron da ya san cewa malaman maƙwabcinsa sun karanta nasa malaman da natsuwa ba zai yi saurin ɗaukar ashana ba.

A shekarar 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen da zai ɗauki wannan nauyi dole ya iya ɗaukar falsafa, kuma kalmomin ba sai an ƙirƙiro su ba: zati, sifa, wajibi, mustahili, ja'izi, dalili, duk suna nan a bakin malaman tauhidi. Aikin da ke gaban ƙungiyoyin al'adu na jihar Tawa, jihar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikinta, a Maratta, shi ne su zaunar da malamin lise da malamin zaure a tabarma ɗaya, su fitar da ƙamus na waɗannan kalmomi, su fassara shafuka kaɗan na Agustin da Toma a ajiye su kusa da na al-Gazali da Ibn Rushdi. Malamin da ya ci gaba da tsallake shekara dubu ɗin nan, to ya sani da hannunsa yake share sunan Ibn Sina daga allon ɗalibansa.