Daga Filinge zuwa NEPAD: Shin matasan Nijar za su iya bin sawun Mayaki a yau?

Ƙasar Kurfai da ke jihar Tillaberi ta bai wa Nijar manyan jami'an diflomasiyya biyu daga gida ɗaya. Adamou Mayaki, haifaffen Filinge a 1919, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1963 zuwa 1965 a zamanin Diori Hamani, daga bisani ya zama jakada a Amurka. Ɗansa, Ibrahim Assane Mayaki, ya zauna a kujerar a 1996, ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000, ya jagoranci cibiyar raya karkara ta Hub Rural a Dakar, sannan ya shugabanci hukumar NEPAD ta Tarayyar Afirka daga 2009 zuwa 2022.

Sai dai hanyar da suka bi ta ƙuntata. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A Janairun 2025 ƙasar ta kammala ficewa daga CEDEAO, a Maris kuma ta sanar da barin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Duk ƙungiyar da ƙasa ta bari, 'ya'yanta na asarar damar samun muƙamai a cikinta.

Haka abin yake a fagen agaji. Gwamnati ta janye lasisin ƙungiyar ACTED ta Faransa a Nuwamban 2024, ta umarci ICRC ta bar ƙasar a Fabrairun 2025, a daidai lokacin da Amurka ke rushe hukumar USAID. A irin waɗannan wurare ne matasa da dama ke samun aikinsu na farko.

Amma buƙatar ƙwararru ba ta ragu ba. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Abala da Banibangu, maƙwabtan Filinge, sun raba manoma da gonakinsu, yayin da ƙawancen AES ke gina sabbin hukumomi tare da ƙulla hulɗa da Rasha da Turkiyya. Dukkansu na neman mutanen da suka iya tattaunawa da tsara kasafi.

A nan tarihin Ibrahim Mayaki ke da amfani. Kafin siyasa ya koyar da ilimin gudanar da mulki, ya kuma yi aiki a kamfanin yuraniyom na SOMAIR. Bayan ya sauka daga mulki, sanin harkar noma da abinci ne ya ci gaba da buɗe masa ƙofofi, har Tarayyar Afirka ta naɗa shi manzo na musamman kan tsarin abinci.

Ga ɗalibin Yamai ko ɗan Kurfai mazaunin waje, takardar digiri da Faransanci kaɗai ba za su wadatar ba. Wanda ya ƙware a noma, ruwa ko kuɗi, ya ƙara da Ingilishi, shi zai samu gurbi ko da ƙawancen ƙasashe ya sake sauyawa.