Sauƙin da Ke Cinye Ƙugiya

Masu ƙera manhajojin kwamfuta suna alfahari da tubalan gini marasa nauyi, irin su SDL da Sam Lantinga ya fitar a 1998, da kuma GLFW. Aikinsu shi ne buɗe taga a allo, karɓar saƙon madannai, da share fagen zane, ko a Windows ne, ko macOS, ko Linux. Hujjarsu tana da ƙarfi: manhajar da aka gina a kan Electron takan goyo burauzar Chromium sukutum, abin da ke wahalar da tsohuwar kwamfuta. Sai dai da yawa daga cikinsu sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago, domin kayan da suka sauke don rage nauyi, rubutun wasu al'ummomi ne.

Misali a nan shi ne Dear ImGui, wanda ake yawan ɗorawa a kan waɗannan tubalai. Shekaru da dama, in ba mai ƙira ne ya nemi ƙari ba, haruffan da yake lodawa suna tsayawa ne a lamba ta 255 cikin jerin Unicode. Alhali ƙ tana lamba ta 409, ƴ ta rubutun Nijar tana 436, ɓ tana 595, ɗ kuwa 599. Duk sun kwana a waje, alamar tambaya ta maye gurbinsu. Ɗalibin da ya gaji da ganin haka sai ya yar da ƙugiya, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya zama baki. Haka kuskuren inji yake rikiɗewa ya zama ɗabi'ar marubuci.

Lamarin ajami ya fi muni. Shi daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma siffar harafi tana sauyawa gwargwadon mazauninsa a kalma. Manhajar da ke jera haruffa ɗaiɗai daga hagu wargaza shi kawai take yi.

Masu kare wannan gaci sukan ce ai tubalin taga ba ruwansa da rubutu. Gaskiya ne, amma wanda ya ɗora gini a kansa da ruwansa. Maganin ma yana nan kyauta: HarfBuzz na tsara siffofin haruffa, FriBidi na daidaita alƙiblar layi, kuma nauyinsu bai kama ƙafar na Chromium ba.

Saboda haka, kafin ɗalibin Hausa ya amince da wata manhaja, ya fara rubuta “ɓarawo”, “ɗaki” da “ƙasa” a cikinta. In ƙugiya ta ɓace, kada ya gyara rubutunsa don ya dace da ita. Ya aika wa maƙeranta rahoto, tare da lambobin nan huɗu.