Tsatsa da Tsofaffin Motocinmu

Maganarmu ta wannan mako a kan tsatsa ce, da yadda ake raba ta da ƙarafan tsohuwar mota in an tashi farfaɗo da ita.

Tun da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975, akori-kura ta zama jakar manoman ƙasarmu, ita ce mai dakon shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa. In irin wannan mota ta tsufa ta kwanta, mai ita ba ya yar da ita. Sai ya nufi Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo kayan gyara na hannu, galibinsu jajawur da tsatsa.

To, mene ne tsatsa? Ƙarfe ne da ruwa da iska suka haɗu, ƙarfen ya ruɓe. Muguntarta kuwa, ba ta zama lafiya a bisa ƙarfe. Kumbura take yi, ta ɓamɓare, ta riƙe laima, laimar ta ci gaba da cin na ƙarƙashi. Mu nan kudancin Kano mun fi 'yan'uwanmu na arewa samun ruwan sama, ga taɓo yana maƙalewa a ƙarƙashin mota duk damina. Ga kuma takin zamani, wanda ke jawo laima kamar gishiri. Buhu ɗaya ya fashe a bayan mota ba a wanke ba, ya isa ya huda daɓenta.

Ƙananan ƙarafa ba su da wuya. A fara wanke maiƙonsu da kananzir, a kankare ɓawon da burushin waya. Sa'an nan a jiƙa tsamiya mai kauri, ko a matse lemun tsami, a tsoma su ciki kwana ɗaya ko biyu, ana dubawa. Tsamin nan shi ke narkar da tsatsa sannu a hankali. In an tsamo, a ɗauraye da ruwan kanwa domin ta kashe sauran tsamin, a shanya a rana nan take, a shafa mai ko jan fenti. Kada a ce sai gobe, gama ƙarfen da aka tsiraita ba ya kwana bai sake yin ja ba. Domin haka lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki.

Akwai wata dabara ta lantarki. A narka sodar wanki cikin bokitin roba, a haɗa ƙarfen da ake gyara da baƙar wayar na'urar cajin batir, a haɗa jar wayar da wani guntun ƙarfe na banza, a tsoma su duka ba tare da sun taɓa juna ba. Tsatsar za ta saki, guntun ne zai ci wuya. Amma a yi a fili, nesa da wuta da taba, don iskar da ke tasowa tana kamawa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruwan batir, wanda waɗansu kanikawa ke tsiyayawa don sauri. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Yana cin tsatsa, yana cin lafiyayyen ƙarfe, yana ƙona hannu da ido, yana kuma sa ƙarfe mai tauri, irin na sifirin da manyan kusoshi, ya yi gautsi ya karye ba zato.

Yanzu ga inda maganar take. Fid da tsatsa ba ya mayar da ƙarfen da ta riga ta cinye. Murfin inji ko ƙofa in sun yi siriri, da sauƙi. Amma bututun man birki, da ƙarafan sitiyari, da ƙashin bayan mota wanda kanikawa ke kira shasi, in tsatsa ta rarake su, ba su da magani sai canji, ko a yanke ruɓaɓɓen wurin gwanin walda ya sa sabon ƙarfe. Wanda ya cike ramin da ƙulli ya fesa fenti, ya ɗaure gyambo ne bai wanke ba. Motar kuwa za ta ɗauki buhuna da mutane bisa buhunan, ta bi hanyar Jos ta cikin dajin Falgore, inda in birki ya ƙi, ba bakanike kusa, ba asibiti.

Saboda haka wanda zai sayi gyararriyar mota, kada ƙyallin fenti ya ruɗe shi. Ya tafi da 'yar guduma da mayen ƙarfe, ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta. Lafiyayyen ƙarfe in an ƙwanƙwasa yana amsawa rau, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, gari yana zuba. Inda mayen ƙarfe ya ƙi kamawa a jikin mota, ƙulli ne aka lafta a wurin, sai ya tambayi mai sayarwa abin da ke bayansa.

Akawu, Ƙafin Maiyaki