Uwayen da aka mance cikin littafin asalin Turawan Kap

Duk wanda ya zauna lakol, in ya ji sunaye irin su Du Plessis, De Villiers, Le Roux, Joubert ko Marais, ba ya shakka zai ce masu su mutanen Faransa ne. Alhali dubban masu waɗannan sunaye ba su jin ko kalma guda ta Faransanci. A Afirka ta Kudu aka haife su, su da iyayensu da kakanninsu, tun sama da shekara 300. Su ne ake kira Afirkana, zuriyar Turawan farko da suka sauka a gaɓar Kap, can ƙarshen nahiyar ta wajen kudu.

Cikin al'ummomin duniya kaɗan ne suka kai su riƙon salsala. Abin da maroƙi ke riƙe da ka a fadar sarki, su a takarda suka ajiye shi. Kowane gida na da uban zuriya, wato mutumin da ya fara sauka daga jirgi da wannan suna. Ɗiyansa a ba su harafi da lamba, jikoki su ɗauki harafi na gaba, tattaɓa kunne na gaba da shi, har mutum ya iya zana hanyarsa tun daga bakin teku zuwa kansa cikin layi guda. Sai dai wannan lissafi sunan uba yake bi. Uwa tana nan a rubuce, amma a gefe, kuma an daɗe ba a son a tambayi daga ina ta fito.

Ranar 6 ga Afrilu 1652 ne Jan van Riebeeck ya iso Kap da jirage 3 da mutane kamar 90. Ba ƙasa aka aiko shi ya ci ba. Kamfanin Holanda mai fatauci da gabashin Indiya ne ke son zango inda jiragensa za su sha ruwa, su sayi nama da ganye, su yi jinyar marasa lafiya kafin su ci gaba. A 1657 kamfanin ya sallami mutum 9 daga aiki, ya yanka musu gonaki don su riƙa noma suna sayar masa. Daga nan zango ya soma zama gari. Waɗanda suka biyo baya mafi yawansu sojoji ne da ma'aikatan jirgi, talakawan Holanda da na Jamus, gwauraye, waɗanda ba wata mace da za ta biyo su tafiyar wata huɗu ko biyar bisa teku.

Faransawan sun zo daga baya. A 1685 sarki Luwi na 14 ya soke dokar Nant wadda ta ba Kiristoci ƴan Furotestan izinin yin addininsu, sai suka watse cikin duniya. Tsakanin 1688 da 1689 wasu kamar 200 suka iso Kap, aka ba su filaye a wani kwari da har yau ake kira Franschhoek, wato kusurwar Faransawa. Su da matansu da ɗiyansu suka zo, shi ya sa zuriyarsu ta yi yawa fiye da adadinsu. Kamfani bai so su ware ba: ya cuɗa gonakinsu da na Holandawa, ya sa a koyar da yara da harshen Holanda, kafin jikoki su tsufa Faransanci ya mutu a bakinsu. Har sunaye suka karkace: Villion ya koma Viljoen, Pinard ya koma Pienaar, Le Clercq ya koma De Klerk. Da waɗannan kakanni ake alfahari. An gina musu babban gini na tunawa a Franschhoek, aka buɗe shi a 1948, shekarar da wani jikansu, Daniel Malan, ya ci zaɓe ya kafa mulkin wariyar launin fata.

To sauran gwaurayen fa, wa suka aura?

Amsa tana cikin littattafan majami'a tun ranar farko. A 1656 wani mai suna Jan Woutersz ya auri Catharina, ƴantacciyar baiwa daga Bangal ta ƙasar Indiya. A 1658 jirage biyu suka sauke bayi daga Angola da gaɓar Gine, kuma daga nan har farkon ƙarni na 19 an kawo bayi kimanin 60,000 daga Indiya, tsibiran Indunusiya, Madagaska da Mozambik. Wata baiwa mai suna Angela, ita ma daga Bangal, ta yi aiki a gidan Van Riebeeck kansa. An ƴanta ta a 1666, ta auri Arnoldus Basson a 1669, ta zama uwar gidan Basson. Ɗiyarta Anna de Koning ta auri wani hafsa ɗan Suwidin, Olof Bergh, kuma bayan rasuwarsa a 1724 ita ta gaji Groot Constantia, gonar inabin da ta fi kowace suna a ƙasar. Wanda ya kafa wannan gona, gwamna Simon van der Stel, wanda garin Stellenbosch ke ɗauke da sunansa, shi ma kakarsa ta wajen uwa ƴantacciyar baiwa ce daga gaɓar Indiya. Akwai kuma wata Catharina da aka koro daga Batabiya bisa laifin kisa. Ɗanta Christoffel Snyman ya auri ɗiyar wani Bafaranshe daga cikin masu gudun addinin nan, daga su gidan Snyman ya fito.

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Krotoa, ɗiyar Khoikhoi, makiyayan da Turawa suka tarar a wurin. Tana da shekara kamar 10 aka kai ta aiki gidan Van Riebeeck, aka sa mata suna Eva. Ta koyi harshen Holanda da na Fotugal, ta zama tafinta, ta bakinta ake cinikin shanu, ta bakinta ake sulhu in an yi faɗa. Aikin tafinta kuwa ko'ina haka yake: kowane ɓangare na zargin ya sayar da shi. An yi mata baftisma a 1662, kuma a 1664 ta auri Pieter van Meerhof, wani likitan kamfani ɗan Danmak. Auren bai daɗe ba, aka kashe mijin a Madagaska cikin wata tafiyar neman bayi. Da ya mutu sai darajarta ta mutu tare da shi. Turawa ba su ƙara buƙatarta ba, don an samu wasu tafintoci, danginta kuma ta riga ta yi musu nisa. Ta faɗa shan giya, aka ƙwace mata ɗiyanta, aka kore ta zuwa tsibirin Robben, inda ta rasu a 1674. Wannan tsibiri ne Nelson Mandela ya yi shekara 18 a kurkukunsa. Ɗiyarta Pieternella an tafi da ita tsibirin Moris, ta auri Daniel Zaaijman, daga baya suka komo Kap da ɗiyansu, zuriyarta ta bazu cikin gidajen Turawa.

A nan akwai abin da mai karatu zai so ya lura da shi. A shari'ar da aka sani a ƙasar Hausa, ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne, yana cin gado, sau da yawa ma ya ci sarauta. A Kap ba haka ba ne. Ɗa uwarsa yake bi: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da ubansa ne mai gidan. Da wani babban wakilin kamfani, Van Reede, ya zo bincike a 1685, ya tarar gidan bayin kamfani cike da yara masu uba Bature. Sai ya hana Bature auren baiwar da ba ta da jinin Turawa, amma ya bar auren wadda ubanta Bature ne, ya kuma ce irin waɗannan yara na kamfani suna iya samun ƴanci, namiji a shekara 25, mace a 22, in sun iya harshen Holanda kuma sun shiga Kiristanci. Sakamakon haka shi ne ƙofar ta fi buɗuwa ga mata. Yarinya mai hasken fata ta auri manomi, ɗiyanta su ɗauki sunan ubansu, bayan jika ko tattaɓa kunne ba mai tuna komi. Ɗan uwanta namiji kuwa, ciki ɗaya, ba Baturiyar da za a ba shi, sai ya auri irinsa, zuriyarsa ta zama abin da aka kira daga baya ƴan ruwa biyu. Gida guda ne ya rabu biyu, kuma abin da ya raba shi aure ne da baftisma da dukiya.

Da aka zo rubuta salsala, wani mai suna Christoffel de Villiers ya ƙare ƙarfinsa yana kwafe littattafan majami'u. Ya rasu a 1887 bai gama ba, masanin tarihi Theal ya kammala aikin, ya fito cikin littafi 3 a 1893 da 1894. Bisa wannan aiki wani Baholande, Colenbrander, ya yi lissafi a 1902, ya ce jinin da ba na Turawa ba cikin Afirkana bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan magana ta yi wa masu siyasa daɗi, suka riƙe ta shekara kusan 70.

Ba alfahari kaɗai aka yi da ita ba, doka aka gina a kanta. A 1949 aka haramta aure tsakanin fari da wanda ba fari ba. A 1950 aka tilasta rubuta launin kowa cikin rajistar gwamnati, kuma wannan rubutu ne ke faɗin unguwar da mutum zai zauna, lakol ɗin da ɗansa zai shiga, aikin da zai samu, har maƙabartar da za a kai shi. In an yi shakkar mutum, sai ma'aikata su duba farcensa da hancinsa, ko su soka masa fensir cikin gashi: in ya zame ya faɗi, fari ne, in ya maƙale, ba fari ba ne. Wata yarinya, Sandra Laing, an haife ta a 1955 a Piet Retief, uwa da uba duka Afirkana, masu goyon bayan gwamnati, amma ta fito da duhun fata da murɗaɗɗen gashi. A 1966 aka kore ta daga makarantar farare, ƴan sanda suka rako ta gida, aka canza mata rajista. Uban ya yi ta shari'a har aka gyara doka a 1967 aka maido ta cikin farare, amma mutane ba su maido ta ba. Tana ƴar shekara 16 ta bi wani baƙar fata, uban ya yafe ta, har ya mutu ba su sake haɗuwa ba. Daga baya ita da kanta ta roƙi a fitar da ita daga rajistar farare, don doka ba ta yarda ta zauna gida ɗaya da ɗiyan da ta haifa ba. Abin da ya bayyana a fuskar wannan yarinya gadon kakanni ne, irin waɗanda littafi ya ajiye a gefe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma daga cikin gida aka tone. A 1971 wani Ba'afirkane, J. A. Heese, ya sake bin littattafan aure ɗaya bayan ɗaya tun daga 1657 har 1867, ya fitar da nasa lissafi: Holandawa da Jamusawa kowanne kamar kashi ɗaya cikin uku, Faransawa kashi 13 zuwa 14, waɗanda ba Turawa ba kuwa kimanin kashi 7 cikin 100. Ɗansa Hans Heese ya ƙara gaba a tsakiyar shekarun 1980 da littafin da ya jera auratayya sama da 1,000 tsakanin Turawa da waɗanda ba Turawa ba kafin 1795, da sunayen gidaje ƙarara. An yi ta kumfar baki, musamman ƴan siyasa masu tsananin ra'ayi da suka ga sunan gidansu a ciki, amma ba wanda ya iya ƙaryata rubutun limaman majami'arsu. An soke dokar aure a 1985, ta rajistar launi a 1991. Shugaban da ya soke ta biyun, Frederik de Klerk, mai sunan Faransawan nan, ya rubuta cikin tarihin rayuwarsa cewa akwai baiwa ƴar Indiya cikin kakanninsa.

Ilimin zamani ya zo ya sa hannu. A 2020 masana daga jami'o'in Uppsala da Pretoria suka buga binciken ƙwayoyin gado na Afirkana 77. Suka tarar, a matsakaici, kashi 4.7 cikin 100 na gadonsu ba na Turai ba ne: daga Indiya, daga Khoikhoi da San, daga gabashin Asiya, da sauran Afirka. Adadin bai kai na Heese ba, amma ga abin da ya fi shi nauyi: cikin mutum 77 ɗin, 76 na ɗauke da wannan gado. Yau ma akwai gidajen da ke neman Krotoa ko Angela cikin salsalarsu da irin ɗokin da kakanninsu suka nemi Bafaranshe, ko da yake ba a rasa masu cewa wannan sabon so ya zo daidai lokacin da ya zama mai amfani.

Ɗaya reshen gidan bai samu irin wannan gata ba. Wasu daga cikinsu sun riƙe sunan uban da bai karɓe su ba, kamar jama'ar da Hermanus van Wyk ya ja suka ƙetare kogin Oranj, suka zauna Rehoboth cikin Namibiya ta yau a 1870, da harshensu na Afirkans da Littafinsu da sunayensu na Holanda. Mafi yawa kuwa ko sunan ba su samu ba. Mai saye ne ke raɗa wa bawa suna, sau da yawa da watan da aka saye shi, shi ya sa har yau a birnin Kap ake samun gidan September, gidan Februarie, gidan Oktober. Doka ba ta san auren bayi ba sai a 1823, an kuma soke bautar ranar 1 ga Disamba 1834, aka ƙara musu shekara 4 na aikin dole kafin a sake su. Saboda haka ɗan gidan September da ya shiga ma'ajiyar takardun tarihi neman kakansa, ba littafin aure ake miƙo masa ba. Takardun rabon gado na iyayengiji ake buɗe masa, inda magatakarda ya jera kayan mamaci: gadaje kaza, tukwanen tagulla kaza, shanu kaza, sa'an nan bayi, kowane da suna guda da ƙasar da aka kamo shi.